Iskar Da Na Ƙera a Jega

Kwamfaresata ta mutu ana jibi kasuwa,
ta yi tari uku, ta tofar da baƙin mai, ta yi shiru.
Na tambayi kuɗin sabuwa a bakin tasha,
mai shago ya faɗa, na ce a gai da gida.

Ga akori-kurar Nomau tsirara a rumfata,
na kankare ta, na cike mata ramuka,
na sha ta da samfefa har yatsuna sun daina jin zafin tuwo.
Albasar Aliero na jiran ta,
shi kuwa Nomau, ni yake jira.

A tarin gwanjon Arzika na tsinci injina biyu,
hanjin na'urar shan ƙura ta gidajen masu kafet.
Don zuƙa aka haife su.
Na ce wanda ya iya zuƙa ai ya iya furzarwa,
hanci ɗaya ke yin duka biyun.

Na samo tsohon akwatin lasifika na raba shi ɗaki biyu,
na sa bakin wannan a ƙeyar wancan,
na liƙe kowace kafa da robar taya,
matatar iskar Fijo ta zama ƙofar shiga.
Waya ta ja ni sau ɗaya,
Jabbi yarona ya ce bai yi dariya ba. Ya yi.
Bindigar fentin ma sai da na buɗa mata maƙogwaro,
don wannan iska ba ta da ƙarfin tsiya, yawa gare ta,
kamar Gulbin Gindi in ya kawo.

Da na kunna, kajin maƙwabta suka watse,
mai shayi ya leƙo ya ga ko jirgi ne ya sauka.
Na gwada a murfin wata matacciyar mota,
fentin ya fito gwarji-gwarji, bawon lemu sak.
Na taɓa mesa, zafi zau.
Ashe a hanya yake bushewa, kafin ya kai ga ƙarfe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba.
Da na tashi shan ruwa, na tsaya ina kallon randar Ige.

Gaba shida na mesa na naɗe a cikinta,
iska ta shiga da fushi, ta fito da hankali.
Na tsinka fenti da tina, ina ɗiga shi daga tsinke,
ina ƙirge har ya daina tsinkewa.

Bayan asuba Jabbi ya yayyafa wa ƙasa ruwa,
na ɗaure hanci, na ba ƙarfe tazarar taƙi guda.
Hagu, dama, kowane layi ya hau rabin ɗan'uwansa.
Shuɗi ya kwanta luf, bai ko tashi hazo ba,
galan ɗin da kan ƙare ya bar mini saura.

Da hantsi Nomau ya zo, ya zagaya bai ce uffan ba,
ya tsaya gaban ƙofa, ya ga kansa, ya gyara hula.

Akwai hawaye ɗaya da ya gangaro ƙarƙashin madubi,
da wani ɗan ƙwaro da ya mutu a shuɗin rufi.
Bai gani ba, ni ma ban nuna ba.

Ige dai har yau tana bina randa.