Tarin da Ke Gefe na Biyu

A wani shago a Brooklyn, cikin kwandon tsofaffin kaya,
tsakanin matacciyar fitila da takalmi wari guda,
na tsinci kaina, dala biyu.
Mai shagon bai ko ɗago ba. Ya ce, "Faifan ya ɗan karce."
Na ce, "Ni ma haka."

Ga mu a jikin kwalin, mu ashirin da shida,
gashi har gadon baya, ƙafa ba takalmi,
tsakiya a wuya kamar mun yi wa kasuwa wasoso.
An rubuta sunana Lorna Pruit. Harafi ɗaya ya ɓace,
shekara hamsin da ɗoriya ba wanda ya fita cigiyarsa.

Ran Lahadi aka ɗauka, ranar hutunmu ɗaya tilo,
a wani tsohon coci da aka kwashe wa kujeru.
Jiya wasa biyu muka yi, maƙogwaro ya koma tsakuwa,
muna ta kurɓar shayi da zuma a kofin takarda.
Bayan gilashi wani mai kwat yana zare wa agogo ido:
mu muna rera a ƙona kuɗi, a raba burodi,
shi yana auna mintinmu da dala.

Jar fitila ta kama.
Jita ta yi kururuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa,
ganga ta shiga ƙirjina ta kori zuciyata ta zauna.
Mun yi imani, kada ku yi dariya,
cewa in muka ɗaga murya sosai
jiragen yaƙi za su ji kunya su juya.

Gefe na biyu, waƙa ta uku,
daidai inda kowa ya yi tsit kafin amshi,
akwai tari.
Ɗan ƙarami, busasshe, daga hagu.
Na Odell Baskin ne.
Mai na'ura ya ce a sake. Mai kwat ya ce ba lokaci.

Kullum dare Odell kan ƙona takardar kiran soja a dandali,
jama'a su miƙe da tafi, toka ta sauka a gashinmu.
Ta wasa ce, muna da kwali guda cike da irinta.
Ta gaskiyar tana aljihunsa a ranar,
ninki huɗu, ta jiƙe da gumi,
ita kuwa ba ta cin wuta.

Sauran fa? Duniya rawar 'yan mata.
Maxine tana dillancin gidaje a Tucson.
Gideon ya aske kai, ya hau mumbarin coci.
Ni na shekara talatin ina buga wa yara piyano
a makarantar da rufinta ke yoyo.
Odell yana jikin wani dogon baƙin dutse,
na je, na bi layi da yatsa.
Shi dai sun rubuta nasa daidai.

Jikata ta ce, "Kaka, ai duk yana cikin waya,
an wanke shi tas, ba ƙara, ba shashshaka."
Ta sa mini a kunne. Na jira wurin.
Shiru, sumul kamar tangaran.
Wani yaro mai ƙwazo ya share shi,
yana ganin gyara ya yi.

Don haka na hau kujera na sauko da garmaho,
na hure ƙurar allura.
Muryata ban same ta ba, ta narke cikin ashirin da biyar
kamar gishiri a miya, ban kuma damu ba.
Maƙwabcin ƙasa yana dukan silin da sanda.
Ya yi haƙuri.
Na ɗaga allurar, na mayar baya kaɗan.
Tsit.
Sai Odell, ɗan shekara ashirin da biyu,
yana gyara murya zai shiga amshi.