Littafin Haladu

Ranar da aka ci mu bakwai a filin firamaren Harbo,
ni ne mai tsaron gida.
Turaku biyu na darbejiya, ba raga,
ƙwallo in ta wuce ni sai gonar gyaɗar Malam Tsalha.

Kai kana bakin fili, Haladu,
ka jingina babur a gindin kuka,
biro a bayan kunne, rikoda a wuya,
batir biyu ka shanya a rana su ƙara rai.

Daren Asabar, bayan labaran ƙarfe takwas,
Inna na tankaɗe, rediyo na kan turmi,
sai muryarka:
"Bakwai da nema.
Amma a riƙe sunan Sabi'u ɗan Harbo,
ya tare goma sha ɗaya, ɗaya da haƙarƙari."
Rariya ta kuɓuce mata.
Har ta koma ga Allah ba ta yarda an ci mu ba.

Shekara talatin da shida kana bin filayen da ba alli,
Aujara, Gunka, Kiyawa,
Miga da damina, kai da babur cikin kwalekwale.
Damben bayan girbi, kokawa, langar dandali.
Masu manyan makirufo na birni suna jiran baƙin Legas,
kai kana durƙushe gaban yaro marar takalmi:
"Maimaita sunan, kada in ɓata maka shi."

Ba a rasa kuskure.
Ka taɓa bai wa Ɗanjummai ƙwallon da Ilu ya ci.
Sati na zagayowa ka nemi gafara duk jiha na ji,
ka kuma kai wa Ilu goro har zaure.

Yau a sakatariyar Jahun an ba ka agogon bango da takarda,
an yi jawabai, an sha lemo.
Gwiwa ta ƙi, ido ya yi yana.
Ni tela ne yanzu,
hannun da ya tare goma sha ɗaya almakashi yake riƙewa.
Na kawo maka riga, ban auna ka ba,
da ido na ƙiyasta, ka rame fiye da zatona.

Da mutane suka watse ka kwance bakin buhu,
ka zaro littafi na tara, ka taɓa yawu, ka buɗe.
Ga sunana, tawada ta koɗe.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe,
abin da iska ba ta taɓa ɗauka ba:

"Yaron ya yi kuka bayan kuka.
Kada a faɗa."