Kuben Baba

Basilla ta suɓuce daga hannun Baba ran Alhamis,
ta soke shi a ƙafa, bai ce wash ba.
Shekara arba'in yana ɗinkin jar fata a Birni,
yau yatsunsa sun zama baƙi a jikinsa.

A asibiti likita Fanna ta juya takardar magani,
ta yi zane a bayanta.
Ta ce, "Malam Ari, ga ƙwayar jijiya guda,
ido ba ya ganinta.
Ga kanta, rassa ko'ina kamar kuka da rani.
Rassan kunnuwa ne, su ke karɓar magana.
Sai wutsiya ɗaya tal, doguwa,
wata tun daga ƙugu har babban yatsan ƙafa,
ita ce ƴar aike."

Baba ya gyara tabarau. "Wannan naɗin fa?"
"Kitse ne ya naɗe ta gaɓa-gaɓa kamar kara,
ya bar ɗan tsiraici a tsakani.
Saƙo ba ya takawa, tsalle yake,
irin na yaran unguwarku bisa duwatsu."
Ya ce, "Ashe kube ne. Na san kube.
Wuƙar da ba ta da shi, tsatsa ke cin ta."
Ta ce, "Sukari ne ya ci naka."

Ni abin da ya hana ni barci, zancenta na ƙarshe:
wai ƙwaya ba ta taɓa ƴar'uwarta.
Akwai rata, ba ta kai gashi tsage gida dubu ba.
A jefa daga wannan baki, a cafe a wancan,
yadda magina ke yi da tubali,
na ƙasa ya wurga, na bisa katanga ya tara hannu,
ba wanda ya taɓa wani,
ɗaki kuwa ya tashi.

Da dare kuran ya ɗauke, yadda ya saba.
Na zauna bakin tabarmarsa,
ina murza masa yatsu da man gyaɗa.
"Ka ji wannan, Baba?"
Shiru. Wani kabu-kabu ya wuce, ya nufi Zango.
"Wannan fa?"
Ina ta jifa cikin duhu,
ban san ko da mai tara hannu ba.

Ya daɗe, sannan ya ce, "Ƙaramin.
Kamar ana sallama a ƙofar maƙwabta."

Ban sake ƙaramin yatsan ba
har man ya bushe.