Ja ko Kore

A gidan man da ke bakin hanyar Atlixco
tiyo biyu ne rataye, ja da kore.
Yarinyar da ke zuba mai, Yaretzi sunanta,
ta leƙo ta taga: "Wanne, Mama?"
Sai na rasa bakin magana.

Shekara goma sha huɗu ina kujerar gefe,
ban taɓa jin an yi wannan tambaya ba,
don Nicanor tun kafin ya gama taka birki
ya ɗaga yatsa: ja, a cika.
Ya rasu a watan Yuni.
Ya bar min mota, da mabuɗi, da rufin da ke yoyo,
da wannan tambaya.

Motar ba wata mota ba ce.
Fara ce a da, yanzu launin ƙasar gona,
ƙofar baya sai an sa mata kafaɗa,
kujerunta na warin jiƙaƙƙen ganye,
don ita ke kai furanninmu kasuwar Puebla
tun zakara bai gyara murya ba.
Amma shi ja yake ba ta,
kamar mai yi wa jaki shimfiɗar alharini.

Na ce wa yarinyar ta ɗan dakata.
Na buɗe aljihun gaban mota.
Ƙarƙashin tocila da tsofaffin rasiɗai
ga littafin da aka sayo ta da shi.
Shafi na ɗari da sha biyu:
tamanin da bakwai ya wadatar da wannan inji.
Kore ke nan.
Kuma an ja layi ƙarƙashin maganar,
layi biyu, da jan biro. Hannunsa ne,
na san yadda yake karkacewa in ya kai ƙarshe.

Ashe ya sani.

Na hau lissafi da yatsu a kan sitiyari:
peso biyu kan kowace lita,
lita arba'in a mako,
mako nawa ne a shekara goma sha huɗu?
Kafin in kai ƙarshe na hango kwanon rufi,
na hango bokitin da nake tarawa tsakar ɗaki
duk daren da aka kwana ana ruwa.
Raina ya ɓaci, har na kira sunansa
da muryar da nake kiransa in ya bar ƙofar lambu a buɗe.

Mai babbar mota a baya ya danna hon.

Eleuterio bakanike ya taɓa faɗa a gabana:
inji ba ya cin abin da ya fi cikinsa,
in ba don ja aka ƙera shi ba
kuɗinka ne kawai ke fita ta salansa.
Nicanor ya yi dariya ran nan, ya ce,
"Ita ke ɗauke da mu duka,
ni kuwa ban iya ce mata na gode ba."
Ni ma bai iya ce min ba.
Sai dai in tashi in tarar ya wasa min almakashi,
ya ajiye inda hannuna zai kai.

"Kore," na ce. "Na ɗari biyar."

Na hau titi, na kashe rediyo,
na kasa kunne kamar mai gadin numfashin jariri.
A hawan da ke bayan gada na taka totur,
ina jira ta yi tari, ta ƙwanƙwasa,
ta nuna ta san an sauya mata.
Ko uffan.
Ta haye abinta kamar kullum,
dutsen Popo na busa hayaƙinsa ta hagu.
Wannan shirun ya fi min ciwo.

Rarar kuɗin na zuba a gwangwanin kofi,
na rubuta "rufi" a jikinsa.
An fara yankan furen nan mai ruwan lemo
na daren da matattu ke leƙo gida.
In ya zo, zai tarar da kyandir da abincinsa,
kuma zai zaga gareji, na san hali,
ya sunkuya ya shinshina bakin tanki.

Ma yi maganar a lokacin.