Amsar Tana Ganyen Gobe

A Sinop, inda Baƙin Teku ke lasar gindin ganuwa,
akwai shagon aski mai kujera ɗaya,
madubi mai tsaga, da kalanda rataye a ƙusa,
irin wadda ake yage wa ganye kowace safiya.
Shekara tara ina sharar gashi a nan.

Usta Behzat ba ya taɓa aska
sai ya yagi jiya, ya juya bayanta,
ya ɗora tabarau a karan hanci
ya karanta mana kamar mai shelar ganin wata.

"Kun san a birnin Rum an taɓa kwanciya ran huɗu ga Oktoba
aka tashi ran sha biyar?
Kwana goma, babu wanda ya ci, babu wanda ya sha."
Rifat masunci, da kumfa har kunne, ya ce,
"To, wanda zai biya bashi ran tara fa?"
Dariya ta sa aska ta ɗan ciji haɓarsa.

Wata rana sarkin da duk abin da ya taɓa ke zama zinariya,
gurasa ta gagari haƙori, ruwa ya daskare a leɓe.
Wata rana ɗan garin nan na zamanin da,
mai yawo da fitila da rana tsaka, wai yana neman mutum.
Usta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya:
"Ko nan ya leƙo, asarar mai zai yi."

Amma wanda ya fi so shi ne na wanzamin sarki
da ya ga kunnen jaki a ƙarƙashin hula.
Magana ta cika masa ciki,
ya haƙa rami, ya raɗa a ciki, ya binne.
Kara ya tsiro a wurin, iska na kaɗawa, asiri na tonuwa.
Nan Usta kan yi shiru, ya ci gaba da wasa aska a fata.
Ya san wanda ya jinginar da jirginsa,
ya san wanda ke rina furfura a ɓoye,
shi kuwa bai taɓa haƙa rami ba.

Can ƙasan kowane ganye akwai kacici-kacici,
amsa sai a ganyen gobe.
Mu yi ta laluben duhu har la'asar,
shayi na hucewa a ƙananan kofuna.
Rifat ya gaji: "Na ba ka gari! Na ba ka Samsun,
na ƙara maka Ankara!"
Usta ya ce gari ba ya biya, gobe ma rana ce.
Bai taɓa leƙawa ba.
Na sa masa ido, wallahi bai taɓa ba.

Ran biyar ga Mayu, jajibirin Hidirellez,
daren da mata ke ɗaura buri a reshen wardi,
ya karanta a hankali, muryarsa na ɗan rawa:
"Wane baƙo ne kullum ake jira,
in ya iso sai ya sake suna?"
Ya ninke tabarau, ya ce in rufe shago da wuri.

Da asuba Shukriye ta aiko yaro a guje.

Yanzu ni ke wasa aska a tsohuwar fatar.
Duk shekara Shukriye na kawo sabuwar kalanda,
in rataye ta kusa da ƙofa, in karanta wa masu jira
yaƙe-yaƙe, haihuwar manya, ranar saukar tsuntsaye.
Tsohuwar tana nan a ƙusarta,
ganyen sama ya yi ja kamar shayi.

Jiya Rifat, haƙoransa saura uku,
ya kama hannuna da kumfa a fuska:
"Yaro, ai na gano ta tun a maƙabarta."
Na ce, Baba Rifat, ɗaga haɓa.
Riƙe abinka, ba a yagi ganyen ba tukuna.