A Can, Ruwa Sunansa Su

Ranar da sakamakon bak ya fito
guɗa ta tsallake katangar maƙwabta
daga Garin Malam har bakin Birni.
Harira ta ci.
Ban san irin cin nan ba ne
wanda sai ka bi shi da abinci.

Takarda ta ce kafin jami'a
sai an yi shekara guda ta harshe.
Na ce wane harshe kuma?
Yarinyar da ke da Hausa, da Faransancin lakwal,
da Barbarcin da kakarta ke zagin awaki da shi?
Aka ce na Turkawa ake so,
kuma shi ma awonsa ake, kamar gero,
tiya-tiya, kuɗi hannu.

Na sayar da tunkiya da cikinta.
Na roƙi Cima ta bar mini ɗaukar farko a adashi,
ta bari, amma sai da unguwa ta ji.
Kawunta Tasi'u ya ba da jikka arba'in
da nasiha ta jikka ɗari.
Sauran kuwa
yana cikin firjin nan da ke gurnani a zaure,
lamurje da zoɓo da ƙanƙara, ƙulli-ƙulli.
In wuta ta ɗauke da rana tsaka
ba ƙanƙara ke narkewa ba,
kuɗin hayar ɗakinta ne
ke bin ƙasa yana neman rariya.

Juma'a take kira, bayan la'asar.
Su huɗu ne a ɗaki, tukunya ɗaya.
Da ƙafa take zuwa aji, wai don motsa jini.
Ni na haife ta,
na san kuɗin mota ne ta mai da burodi.
Ita da ke cika allo da lissafi
har malam ya ja baya ya riƙe haɓa,
yau tana tsaye gaban mai kanti
tana haɗa "nawa ne wannan"
kamar mai tatata.

Ta ce Inna, na iske ƴan uwa a can:
alƙalami ya riga ni zuwa, ya yar da hularsa,
sa'a tana nan, duniya ma tana nan,
sun ɗan canza murya ne kawai.
Na ce to ki gaishe su.
Ta ce kin san sunan ruwa? Su.
Na ce su wa?
Ta yi dariya har katin ya ƙare.

Ban faɗa mata rufin ɗakin tsakiya na yoyo ba.
Ba ta faɗa mini rigar sanyinta ta aro ce ba,
a hoto na ga hannun ya wuce yatsunta.
Haka muke ciniki, ni da ita,
kowa na ɓoye gibinsa a bayan zane.

Watan shida akwai jarrabawa.
In ta haye, ƙofar jami'a.
In ta zame, wani rabin shekara,
kuma ba ni da wata tunkiya.
Na lissafa a bayan tsohon littafinta na aji uku
har bironi ya huda takarda,
jimlar ba ta taɓa fitowa daidai ba,
amma wata na ƙarewa, muna nan.

Daren jiya, ƙarfe uku,
ina zaune bakin famfo da jarkoki tara
kamar yadda Damagaram ta koya mana.
Duwatsu sun yi baƙi, gari ya yi tsit.
Sai famfo ya yi tari, ya yi kaki,
ya saki zare siriri.
Ban san sa'ad da bakina ya ce su ba.

Cima ta ɗago daga gyangyaɗi:
su wa?

Na tara jarka ta fari.
Na ce su Harira.