Bayan Takardar Ruwa

A majema aka haife ni, gindin duwatsun Birni,
inda warin bagaruwa ke riga sallama shiga zaure.
Ubana Kiyari yana jemar fatar akuya,
ni kuwa ƙarya nake jema har ta yi laushi.
Na ce kura ta tare ni a hanyar lakkol,
ta ƙwace allona, ta bar mini takalmi.
Mushe Ganda ya zuba mini bulala biyar,
ya aje dorina, ya gyara zama:
"Sake faɗi, a hankali.
Idon kurar, wane launi ne?"
Ran nan na gane akwai ƙaryar
da mai dukanka ma ke son jin ƙarshenta.

Jarrabawa ta kayar da ni sau biyu.
Na kafa tebur ƙofar gidan waya,
wasiƙa ɗaya dala goma, ambulan naka.
Wata tsohuwa ta ce, "Gaya wa ɗana a Agadas lafiya lau nake,"
tana faɗi tana tari cikin gyale.
Na rubuta lafiya lau,
na ƙara da cewa kurnar tsakar gida tana cigiyarsa.
Kafin kaka ya iso.
Ita ce ƙaryata ta farko da ta yi sallar asuba.

Sai kamfanin ruwa: keke, hula, jaka a kafaɗa.
Shekara ashirin da shida ina karanta kwantar
a unguwannin da famfo ke tari ba ya ko tofi.
Iska ta juya allura, ni in rubuta lamba.
Zango, Garin Malam, Sabon Gari,
ba gidan da bai zage ni ba,
ba gidan da ban fito da guzuri ba:
dariyar wata makauniya, rantsuwar wani tela,
yadda mai bashi ke duban ƙasa.
Bayan takardar ruwa fari ne fat.
Nan na tara mutanena, da dare, a hasken a-ci-bal-bal,
gaba kuɗi, baya rai.

Littafin fari, Kano na kai shi ta Matamaye,
da kuɗin ragon Magaram, ba ta manta ba har yau.
Mai ɗab'i ya ƙara mini harafi,
na tafi Mutari, na dawo Muntari.
Ɗari biyar aka buga.
Na baza su a Kasuwar Dole kusa da mai alkaki,
ita ta sayar ta tashi, ni ina korar ƙuda.
Gara ta cinye ɗari biyu.
Ita kaɗai ta fara daga bango ta kai bango.

Amma wata Alhamis wani ɗan kabu-kabu
ya taka birki, ya tare ni a tsakar titi:
"Kai ne? Don me ka kashe Tsahara?
Me ta yi maka?"
Ya kai ni gida yana faɗa, ya ƙi karɓar kuɗi.
Ban taɓa cin lambar yabo ba.
Wannan nake gogewa in na tashi.

Yanzu na aje keke.
Tattabaruna goma sha tara, kowace da sunanta.
Ina gyaran agogon da masu su suka rasu,
in buga dara da Barma, in cuce shi in ya yi hamma.
Lemun da na shuka, ruwan alwalata yake sha,
shekara bakwai, ɗiya uku.

Jikata Fanna ke kwafe tsoffin takardun cikin salula.
Jiya ta ɗago kai:
"Kaka, wai idon kurar nan, wane launi ne?"
Na ce jawo kujera.
Shekara sittin ina dubawa,
kullum na matsa kusa, sai ta ƙifta.